Filin Masu Karatu: Sa'ad da Manhaja Ta Kasa Isa ga Rumbun Bayanai

Wasiƙun da suka taru a wannan karon, galibinsu daga Katsina da Daura, sun tsaya ne a kan abu ɗaya, wato manhajar da aka rubuta da harshen kwamfuta na PHP ko Python ta ƙi magana da rumbun bayanai, ko kuma ta yi maganar amma amsar ta dawo a gurguje. Na zaɓi shida daga cikinsu. Roƙona ga mai niyyar rubutowa nan gaba shi ne ya kwafo saƙon kuskuren da ya gani harafi da harafi, har da lambarsa, domin wasiƙar da ta ce "ya ƙi yi" kawai tamkar mara lafiya ne da ya ce wa likita ba ya jin daɗi, ya yi shiru.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, ina zaune a Ƙofar Ƙaura. Na rubuta manhajar rajistar ɗalibai da PHP da rumbun bayanai na MySQL, kuma tana aiki lafiya lau a kwamfutata ta cinya da XAMPP, manhajar da ke ba mutum damar gwada shafin intanet a kwamfutarsa. Da na ɗora ta a intanet a wurin da na kama haya, da farko shafin ya fito fari fat, daga baya kuma ya rubuta "Access denied for user 'root'@'localhost'". Saura kwanaki kaɗan in gabatar da aikin. Ina na yi kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin in ba ka gyaran, bari in ba ka hanyar da za ka riƙa bi wajen gano bakin zaren, domin za ta yi maka amfani har bayan ka gama makaranta. Manhajarka ɗan aike ce da ka tura gidan wani. Dole ne ya fara gane gidan, ya samu ƙofar a buɗe, ya yi sallama a zaure a amsa masa a kuma san ko shi wane ne, a nuna masa sashen da aka aike shi, sannan ya isar da saƙon. Kowane mataki daga cikin waɗannan yana da kuskurensa na daban, kuma MySQL ta ba kowanne lamba. Kuskure mai lamba 2002 ko 2003 yana nufin ɗan aiken bai ma samu wanda zai amsa sallamarsa ba: ko uwar garken, wadda masu sana'a ke kira saba, a kashe take, ko adireshin ba daidai ba ne, ko katangar tsaro ta toshe ƙofar da MySQL ke saurare a kanta, wadda bisa al'ada ita ce 3306, kamar yadda ta PostgreSQL, wani nau'in rumbun na daban, take 5432. Idan 1045 ne, to an amsa sallamar amma an hana shi shiga. Idan 1049 ne, ya shiga amma babu rumbu mai sunan da ya ambata. Idan kuwa 1064 ne, ya isa har gaban mai gida, saƙon ne ya faɗa ba daidai ba.

Naka 1045 ne, kuma ta wata fuskar wannan albishir ne, tunda ya nuna cewa hanyar a buɗe take, MySQL ɗin ma tana raye. Saƙon da kansa ya fallasa laifin, domin ya ce ka yi sallama da sunan root, wato babban asusun da ke da iko a kan komai. A XAMPP, wannan asusu yana zuwa ne ba tare da kalmar sirri ba, shi ya sa ɗalibai da yawa ke kammala aikinsu ba su taɓa tunanin batun izini ba. Kamfanin da ke ba da hayar wuri ga ɗaruruwan mutane a kan na'ura ɗaya kuwa ba zai taɓa miƙa maka wannan asusun ba. Ka shiga shafin kula da hayarka, wanda galibi cPanel ne, ka ƙirƙiri rumbu, ka ƙirƙiri mai amfani da kalmar sirrinsa, sannan ka yi mataki na uku wanda aka fi mantawa da shi, wato haɗa mai amfanin da rumbun tare da ba shi izini a kansa. Ka lura kuma cewa cPanel takan manna sunan asusunka a gaban sunan rumbun da na mai amfanin, saboda haka idan ka raɗa wa rumbun suna makaranta, cikakken sunansa zai zama sunan asusunka, da ɗan layin ƙasa, sannan makaranta, kuma wannan cikakken sunan ne za ka sa a fayil ɗin haɗawa.

Ina kyautata zaton cewa da zarar ka wuce wannan za ka ci karo da 1146, wanda ke cewa babu tebur, wato jadawalin da ake jera bayanai a cikin rumbu, mai sunan da ka ambata, alhali kana ganinsa da idonka a phpMyAdmin, shafin da ake leƙa cikin rumbu da shi. Dalilin shi ne wataƙila kwamfutarka Windows ce, wadda ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunayen tebur, su kuwa na'urorin haya galibi Linux ne, inda Dalibai daban, dalibai daban. Ka bi rubutunka gaba ɗaya ka daidaita sunayen a kan ƙananan haruffa.

Shi kuwa farin shafin da ka fara gani, ba rashin kuskure ba ne, ɓoye shi aka yi. Na'urorin da ke kan intanet sukan kashe nuna kurakurai ga baƙi, kuma hakan daidai ne, domin saƙon kuskure yakan tona sunayen tebur da na asusu ga wanda bai kamata ya sani ba. Ka nemi fayil mai suna error_log, wanda sau da yawa yana cikin foldar da shafinka yake, ka karanta layukansa na ƙarshe. Wani abin da ya kamata ka duba shi ne shekarun darasin da ka koya daga gare shi: idan umarnin haɗawarka mysql_connect ne, to an cire shi ɗungurungum daga PHP tun fitowar ta 7 a shekarar 2015, sai ka koma mysqli ko PDO, hanyoyi biyu da PHP ke haɗuwa da rumbu ta cikinsu. Ni PDO na fi so, domin salon rubutunta ɗaya ne ko da ka sauya rumbu. Allah ya ba da sa'a.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ce mai kula da rajista a wata makaranta mai zaman kanta a Daura. Ƙanena ne ya rubuta mana manhajar da muke shigar da sunayen yara. Duk sa'ad da na rubuta suna irin su Sa'adatu ko Mu'azu, ko na sa Mai'aduwa a matsayin garin haihuwa, sai ta ƙi karɓa, ta kawo dogon rubutu mai lamba 1064. Abin mamaki, idan na kwafo sunan daga Word wani lokaci yakan shiga. Ƙanen nawa ya ce in riƙa cire waƙafin saman kawai. Shin hakan ya wadatar?

AMSA: Malama, barka kadai. Bai wadatar ba, kuma ina roƙon kada ki ƙara cire wa yaro harafi daga sunansa saboda gazawar manhaja, domin sunan da kika rubuta yau shi ne zai bi shi zuwa takardar shaida gobe. A harshen SQL, wanda da shi ake yi wa rumbu magana, wannan waƙafin saman shi ne alamar da ke buɗe rubutu ta kuma rufe shi. Ƙanenki ya ɗauki abin da kika rubuta ya liƙa shi kai tsaye a tsakiyar umarnin, saboda haka idan kin rubuta Sa'adatu, rumbun yana karanta Sa, ya ga waƙafi, ya ɗauka sunan ya ƙare, sai ya tarar da adatu a gabansa ya yi ƙoƙarin fahimtarsa a matsayin umarni, ya kasa. Littattafan Turawa sukan kawo misali da suna ɗaya ko biyu na mutanen Ayalan a kan wannan matsala, kamar wani abu ne da ba kasafai ake gani ba. Mu kuwa a jihar da ake da Rabi'u da Isma'ila da Ja'afaru a kusan kowane aji, kuma jami'ar jihar kanta tana ɗauke da sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa mai waƙafi har biyu, manhajar da ba ta iya ɗaukar wannan alama ba ta cika manhaja ba.

Abin da ya ba ki mamaki ma yana da bayani. Word yakan sauya miƙaƙƙen waƙafi ya mai da shi mai lanƙwasa, kuma a wurin kwamfuta waɗannan alamomi biyu ne mabambanta. Mai lanƙwasar ba ya rufe rubutu a SQL, shi ya sa yake wucewa. Sai dai akwai tarko a nan: ranar da kika nemi Sa'adatu da miƙaƙƙen waƙafi ba za ki samu wadda aka ajiye da mai lanƙwasa ba. Ya kamata manhajar ta riƙa mai da su duka iri ɗaya kafin ta ajiye.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Idan waƙafi ɗaya da kika rubuta ba da niyya ba zai iya karya umarni, to wanda ya rubuta shi da niyya zai iya sauya umarnin ya zama nasa. Mutum na iya zuwa gurbin kalmar sirri ya rubuta waƙafi, ya bi shi da wani sharaɗi wanda kullum gaskiya ne, kamar a ce ɗaya daidai yake da ɗaya, sai manhajar ta buɗe masa ba tare da ya san kalmar ba, ya karanta sakamakon yara ko ya sauya shi ko ya goge. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyar OWASP, mai fitar da jerin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet, ta sa irin wannan kutse na cusa umarni a matsayi na farko a jerinta na 2010 da 2013 da 2017, kuma a na 2021 ma yana na uku.

Ki gaya wa ƙanenki cewa maganin shi ne raba umarni da bayani. Zai rubuta umarnin da gurabe a cikinsa, kamar haka:

INSERT INTO dalibai (suna, gari) VALUES (?, ?)

sannan ya miƙa sunan da garin daban ta hanyar prepare da execute na PDO ko na mysqli. Ta haka duk abin da kika rubuta, waƙafi ne ko wani abu, za a ɗauke shi a matsayin bayani zalla, ba za a taɓa karanta shi a matsayin umarni ba. Kada ya yi wa alamar tambayar waƙafi a gefe da gefe, wannan kuskure ne da sababbin hannu ke yawan yi. Ya kuma sani cewa gurbin na bayani ne kaɗai, ba a sa sunan tebur a cikinsa. Zai iya jin wasu na cewa ya yi amfani da addslashes, umarnin PHP da ke sa wata alama a gaban waƙafin, ya huta; ban ba shi wannan shawarar ba, domin faci ne a kan tsagewar, kuma ya isa ya manta da shi a wuri ɗaya tak aikin ya rushe. Gyaran na gaskiya zai ci masa yini ɗaya ko biyu, tunda sai ya bi kowane umarni da ke karɓar rubutu daga waje, har da na bincike da na shiga.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina tattara sunayen manoma na wata ƙungiya daga ƙananan hukumomin jihar nan. Idan na rubuta Ƙanƙara ko Ɗanja ko Ɗandume, sai su fito da alamun tambaya a wurin haruffa masu ƙugiya, wasu kuma su fito da wani irin rubutu kamar Æ™. Alamar naira ma haka. Daga wani mai karatu a Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA: Malam, alamu biyun da ka gani cuta ɗaya ce ta haife su, amma ƙarshensu ba ɗaya ba ne. Tsohon tsarin haruffa da ake kira latin1, wanda shi ne MySQL ke zaɓa da kanta kafin fitowar 8.0 a 2018, an yi shi ne domin harsunan yammacin Turai, kuma babu ƙ ko ɗ ko ɓ ko ₦ a cikinsa. Tsarin da ke ɗauke da su shi ne UTF-8, inda ƙ ke cin bayit biyu (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin ajiya a kwamfuta), alamar naira kuma uku. Dole ne wurare uku su yarda a kan tsari ɗaya: shafin da ake rubutu a kansa, da layin haɗawa tsakanin manhaja da rumbu, da teburin kansa. Mutane sukan gyara na farko da na uku su bar na tsakiya, alhali shi ne ya fi yawan kawo rikici. A PDO ana ƙara charset=utf8mb4 a cikin layin haɗawa, a mysqli kuma ana kiran set_charset nan da nan bayan an haɗa. Na ce utf8mb4 ne da gangan, domin abin da MySQL ta daɗe tana kira utf8 bayit uku kaɗai yake iya ɗauka. Ya ishi haruffanmu, amma ranar da wani ya sa ɗan hoton murmushi daga wayarsa, wanda ke cin bayit huɗu, sai ya gaza.

Inda ka ga Æ™ a wurin ƙ, bayananka ba su ɓata ba. Bayit biyun nan na harafin suna nan yadda aka aiko su, an dai karanta kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa, kuma ana iya dawo da su. Alamar tambaya ita ce abin tsoro. Ka buɗe teburin kai tsaye da phpMyAdmin ka duba: idan a can Ƙanƙara ta fito daidai, to a hanyar dawowa ne ake lalata ta, gyaran layin haɗawa ya wadatar. Idan kuwa a can ma alamar tambaya ce, to harafin ya tafi tun ranar da aka ajiye shi, babu umarnin da zai dawo da shi sai dai a sake rubutawa da hannu. Kafin ka sauya tsarin kowane tebur ka ɗauki kwafinsa ka ajiye, domin umarnin sauyawar da ke gyara lafiyayyen tebur shi ne kuma ke iya dasa gurɓataccen rubutu ya zauna daram.

Akwai kuma abin da babu saitin da zai gyara maka. Wani ma'aikacinka zai rubuta Ƙanƙara, wani ya rubuta Kankara saboda wayarsa ba ta da ƙugiya, rumbun kuma ya ƙidaya su a matsayin garuruwa biyu. Ƙananan hukumomin Katsina 34 ne, ba su da yawan da zai hana ka jera su a tebur nasu, ka bar mai shigar da bayani ya zaɓa maimakon ya rubuta.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon kayan masarufi a babbar kasuwar Katsina. Ɗana ya rubuta mini 'yar manhaja da Python da rumbun bayanai na SQLite domin lissafin ciniki da bashi. Muna shigar da ciniki, ta nuna ya shiga, amma idan aka rufe aka sake buɗewa babu komai. Wata rana kuma ta ce "no such table", wata rana "database is locked". Yanzu na koma littafina.

AMSA: Alhaji, kada ka yar da littafin tukuna, amma ka ce wa yaron matsaloli uku ne daban-daban, kuma duka ƙanana ne. Ta farko ita ce rashin tabbatarwa. Ƙa'idar da Python ta shimfiɗa wa masu haɗa ta da rumbuna, wadda ake kira PEP 249, ta ce kada a ajiye sauyi har sai an ba da umarnin commit, wato tabbatarwa. Kamar yaron shago ne da ya riƙe ciniki a ka bai rubuta a littafi ba. Muddin yana tsaye a wurin, idan ka tambaye shi zai faɗa maka daidai, amma da zarar ya tashi shi ke nan. Shi ya sa manhajar ke nuna cewa cinikin ya shiga, tunda ta layin da aka shigar ake dubawa, amma ya ɓace da an rufe. An tsara shi haka ne saboda irin aikinka: idan za a rage buhun shinkafa daga kayan da ke ƙasa a kuma ƙara kuɗinsa a bashin wani, ko dai duka biyun su shiga ko kuma kada ko ɗaya ya shiga, ko da an ɗauke wuta a tsakani. Saboda haka ya sa commit sau ɗaya bayan an gama duka sassan ciniki guda, ya kuma sa rollback, wato soke duka, idan wani sashe ya gaza. Wanda ya fara da PHP yakan faɗa wannan rami, domin a can kowane umarni yana tabbata nan take sai an ce kada ya yi.

Ta biyu kuwa hali ne na SQLite da ya kamata kowa ya sani. Rumbun nata fayil ne guda ɗaya, kuma idan ka ce ta buɗe fayil ɗin da babu shi, ba ta yin ƙorafi, sai ta ƙirƙiri sabo wanda babu komai a ciki. Idan yaron ya rubuta sunan fayil ɗin kaɗai ba tare da cikakkiyar hanyarsa ba, Python za ta neme shi ne a foldar da aka tayar da manhajar daga cikinta, wadda ke iya sauyawa gwargwadon yadda aka kunna ta. Ya bincika kwamfutar, ina kyautata zaton zai tarar da fayil biyu ko uku masu suna ɗaya, ɗaya mai nauyi, sauran wayam.

Ta uku ita ce kullewa. SQLite mai rubutu ɗaya take yarda da shi a lokaci guda, kuma Python tana jiran daƙiƙa 5 ne kafin ta haƙura ta kawo wannan saƙo. Galibi mai riƙe da makullin shi ne wani kwafin manhajar da aka bari a buɗe, ko wani layi da ya fara rubutu bai tabbatar ba, ko kuma manhajar leƙa rumbu irin su DB Browser da aka yi gyara a cikinta ba a adana ba. Ka ga ke nan gyaran matsala ta farko zai iya tafiya da ta uku. Idan kuma nufinku shi ne kwamfuta biyu, ta shago da ta sito, su riƙa rubutu a fayil ɗaya ta hanyar raba folda, to ku bari, domin masu SQLite da kansu sun yi gargaɗi cewa hakan na iya lalata fayil ɗin; nan ne ake komawa PostgreSQL ko MySQL. Kuma kowace yamma, bayan an rufe manhajar, a kwafi fayil ɗin a filasha a tafi da shi gida.

TAMBAYA: Malam, ina da manhajar Python da ke kwana a kunne tana karɓar saƙonnin 'yan adashenmu a Daura. Da rana lafiya lau, amma saƙon farko na kowace safiya sai ya faɗi da "MySQL server has gone away", sai na kashe na kunna.

AMSA: Ɗan'uwa, lissafa sa'o'in da kanka. MySQL tana da wani saiti mai suna wait_timeout wanda asalinsa daƙiƙa 28800 ne, wato sa'o'i takwas, kuma duk layin da ya yi wannan tsawon lokaci shiru sai ta yanke shi. Idan saƙon ƙarshe ya shigo bayan sallar isha'i, na gaba kuma sai da hantsi, an wuce wa'adin, manhajarka kuwa tana riƙe da igiyar da aka riga aka tsinke daga ɗaya ɓangaren. Masu ba da haya ma sukan rage wa'adin ƙasa da haka sosai. Ban ga amfanin ƙara wa'adin ba, domin layi na iya yankewa saboda wasu dalilai. Abin da ya fi shi ne ka buɗe layi sa'ad da saƙo ya zo, ka rufe idan ka gama. Ga adashe wannan ba wani nauyi ba ne. Idan PyMySQL kake amfani da ita wajen haɗa Python da rumbun kuma kana son riƙe layin, ka kira ping tare da zaɓin sake haɗawa kafin kowane aiki, idan kuma SQLAlchemy ce ka kunna pool_pre_ping. Domin ka tabbatar ba na'urar ce ke mutuwa cikin dare ba, ka tambaye ta da SHOW GLOBAL STATUS LIKE 'Uptime', za ta faɗa maka daƙiƙa nawa ta yi a kunne.

Tunda kuɗin mutane ne, ga gargaɗi. Kada ka sa manhajar ta riƙa maimaita umarnin shigar da zubi kai tsaye duk sa'ad da layi ya yanke, domin yana yiwuwa umarnin ya isa ya kuma tabbata, amsar ce kawai ba ta dawo maka ba, sai a rubuta wa mutum zubi biyu. Ka ba kowane zubi lambar shaida tasa, ka sa rumbun ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu.

TAMBAYA: Malam, me ya sa lambobin wayar da nake ajiyewa suke rasa sifilin farko, wasu ma duk su koma 2147483647? Daga wata ɗaliba a Rafindadi.

AMSA: 'Yar'uwa, kin ware wa lambar waya gida irin na INT, wanda na ƙidaya ne. A ƙidaya sifilin farko ba shi da daraja, shi ya sa ake zubar da shi, kuma 2147483647 ita ce lamba mafi girma da wannan gida ke iya ɗauka, lambobin wayarmu na hannu kuwa ko an cire sifilin sun zarce ta. MySQL mai tsauraran saiti za ta ƙi karɓa ta ba ki kuskure 1264, mai sassauci kuma sai ta yi shiru ta ajiye iyakar abin da za ta iya, wanda shi ne ya same ki. Lambar waya ba a tara ta ba a raba ta, saboda haka rubutu ce, gidanta VARCHAR ne, kuma haka lambar NIN da BVN masu lamba 11 da lambar asusun banki mai lamba 10. Waɗanda suka rasa sifili kaɗai, wato waɗanda ba su kai wannan iyakar ba, ana iya mayar musu da shi bayan kin sauya gidan, amma waɗanda suka koma 2147483647 sai kin koma ga masu su kin sake tambaya. Idan akwai gidan kuɗi a teburin, ki duba shi ma: kada ya zama FLOAT, wanda ke ajiye ƙiyasi, ki sa shi DECIMAL mai gurbi biyu na kwabo.